Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Garinmu yana gabashin tafkin Kainji, kusa da Warra, cikin ƙasar Ngaski. Tun da aka gama madatsar a 1968 iyayenmu suka koma tudu, amma hanyar da ke haɗa mu da kwalta in damina ta zauna laka ce zalla.

A hutun bara ciwo ya kama mahaifiyata da dare, muka ɗauki hayar mota don mu kai ta asibiti a Yelwa. Ba mu yi nisa ba muka kafe. Direba ya taka mai, na ga ƙafar baya guda tana ta juyawa tana watsa laka, 'yar'uwarta kuwa, wadda ke bisa ƙasa mai tauri, ko motsi. Muna nan har asuba, sai ga wata mota ta ratsa lakar nan ba gargada. Mai ita ya ɗauke mu, Allah ya saka masa da alheri.

Da hankalina ya kwanta na tambayi wani tsohon makanike dalili. Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin fareti? In za a sha kwana, na waje shi ke faɗaɗa taku." Haka ƙafafun mota suke. Don haka aka sa wani akwatin haƙora tsakanin ƙafa biyu, wanda ke barin kowace ta juya gwargwadon tafiyarta. Aibinsa ɗaya: ƙarfi daidai yake ba su, saboda haka in guda ta faɗa santsi, ɗayar ma ba ta samun fiye da ɗan abin da ta santsin ke iya riƙewa.

Ita kuwa waccan motar, ƙarfin injinta kan fito daga giya ya shiga wani akwati na tsakiya, sa'an nan ya rabu, wani gaba, wani baya. In ƙafafun baya sun zame, akwai abin da ke kulle akwatin, na gaba su ja. A Land Rover ta farko, ta 1948, direba ne ke kulle shi da hannu. Kamfanin Audi na Jamus ya shahara da sa irin wannan dabara a motar hawa tun 1980, yau kuwa a motoci da yawa kwamfuta ce ke lura da zamewa ta matse kuloci.

Tsohon ya gargaɗe ni da abu biyu: ja da ƙafa huɗu ba ya ƙara wa birki ƙarfi, kuma wanda ya bi kwalta da akwati a kulle zai lalata haƙoransa.

Mahaifiyata ta warke, alhamdu lillahi. To, 'yan'uwa, mu da za mu koma ƙauyuka mu koyar, ya kamata mu san abin da muke hawa, domin ranar wahala ba ta sallama.