Ban kwana ni kaɗai ba

A shekara ta 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa ma gonaki. Kafin damanar 2005 rumbunmu ya ƙare. Maigidana ya tafi cin rani. Ɗiyata ƙarama ta kama zawo, ta rame, sai na kai ta asibiti Maraɗi. Ba dangi kusa, ba ko dala a hannuna.

Dare na ukku na kasa yin addu'a. Bakina ya yi nauyi. Iyakar abin da na ce: "Yesu, kana nan?" Ban ji murya ba, ban ga komi ba. Amma na tuna da sunansa, Imanuwel, wato Allah yana tare da mu. Sai tsoro ya sake ni, barci ya ɗauke ni bisa tabarma.

Ɗiyata ta tashi. Ɗan matar da ke kusa da ni, ita ma mai bi ce, bai tashi ba. Tare muka yi kuka, tare muka yi addu'a.

Shi ya sa ba ni ce maku mai bi ba ya shan wahala. Yana sha, amma ba shi kaɗai ba.