Fanken Kumasi a Murhun Dogon Dutsi

Ƙasarmu ta Arewa, wato yankin Dogon Dutsi a Nijar, ba ta alkama ba ce. Gero muke nomawa da wake da gyaɗa, sai dankalin turawa da lambunan Dallol Mawri ke bayarwa a lokacin sanyi. Duk da haka, in ka bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi zuwa Konni da sassafe, da wuya ka rasa mai tuyar fanke kusa da mai ƙosai. Fanken da muka saba da shi ruwa-ruwa ake kwaɓa shi, a ɗebo da hannu a jefa a mai. Na Gana, wanda can suke kira bofrot, kwaɓinsa ya fi tauri, mulmula shi ake yi, yana ƙamshin bota da gyaɗar ƙamshi, bayansa rumus cikinsa laushi. A hannun goggota na koye shi.

Goggo ta yi ƙuruciyarta a Zangon Kumasi. Hanyar zuwa can tsohuwa ce, domin tun zamanin fataucin goro Hausawa ke zuwa Gwanja da kasuwar Salaga, a zamanin Turawa kuma samarin ƙasar Doso suka riƙa tafiya cin rani bakin teku. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana. Cikin waɗanda suka dawo har da gidan su Goggo. Har yau a Akara da Kumasi kokon safe da sunan Hausawa ake kiransa, ana shan sa da ƙosai ko da bofrot. Mu muka kai musu koko, muka dawo da tuyarsu.

Darasi na farko da na ɗauka shi ne, lokacin da aka ƙayyade wa kwaɓi a Kumasi ba ya aiki a Dutsi. Yis abu ne mai rai. Sukari yake ci ya fitar da iska, iskar nan ce ke kumbura kwaɓi. Ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 25 zuwa 35, in ruwa ya kai kusan digiri 60 kuwa mutuwa yake yi. Kudancin Gana da ɗuminsa da laimarsa kusan duk shekara, shi ya sa in mai girki a can ta ce a bar kwaɓi awa ɗaya ko biyu, gaskiya ta faɗa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, a Disamba da Janairu kuma asuba tana sauka ƙasa da 20, ga iskar hunturu mai busar da komai.

Saboda haka a bazara da ruwan randa nake kwaɓawa, in rage yis, in ajiye robar a ɗaki mai inuwa, in riƙa leƙawa, don kafin awa ta cika yana iya ninkawa. In ya wuce lokacinsa sai ya yi tsami, ya sace, ya sha mai. A hunturu kuwa ruwa mai ɗumi nake sawa, wanda yatsa zai zauna cikinsa ba tare da ƙuna ba, in rufe da leda in ɗora zani, in ajiye kusa da murhu. In ba a rufe ba, iska za ta yi wa samansa ɓawo. Goggo takan ce, “Ɗiyata, bar tambayar agogo, tambayi kwaɓin.” Tambayar kuwa da yatsa ake yin ta. A danna shi kaɗan: in gurbin ya cike nan take, da saura, in ya taso a hankali, ya yi, in ya lotsa bai dawo ba, an makara.

Darasi na biyu na awo ne. Ga fulawa kilo 1 nakan sa sukari giram 150 zuwa 200, busasshen yis giram 10, bota giram 80, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, gyaɗar ƙamshi guda da aka goga, da ruwa kimanin rabin lita. Mai hali na iya ƙara ƙwai ko madara. A Gana a dā da bammi ake tayar da kwaɓin, mu yis ya ishe mu. Ruwan ne kaɗai ba na zubawa gaba ɗaya, domin fulawar da ta kwana cikin hunturu ta fi ta damina shan ruwa. A tankaɗe ta, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, a murza na kamar minti goma har kwaɓin ya daina kama hannu, ya riƙa miƙewa in an ja shi. Wannan danƙo na alkama shi ke riƙe iskar yis a ciki, kuma rashinsa ne ya sa garin gero ba ya wannan tuya, sai dai masa. Bayan tashin farko a danne shi, a yanka, a mulmula ƙanana, a sake bari su ɗan taso. Masu gaggawa a nan suke tsallakewa, sai su sami abu mai nauyi a baki. Sauri ya haifi nawa.

Darasi na uku na wuta ne, kuma a nan gwanar ƙosai ma kan sha mamaki. Bofrot ya fi ƙosai kauri, ga sukari mai saurin ƙonewa, don haka matsakaiciyar wuta yake so, mai ya tsaya wajen digiri 160 zuwa 170. In ya fi haka, waje zai yi baƙi ciki ɗanye. In bai kai ba, mai zai jiƙa shi. Ba mu da ma'aunin zafi a madafa, sai mu jefa ɗan gutsure: in ya nutse ya taso bayan ɗan lokaci yana ƴan kumfa, mai ya yi. Karan gero bai dace ba, domin yana ci bal-bal ya mutu nan da nan. Gawayi ko itace mai garwashi ya fi riƙe zafi daidai. Kasko ya zama mai zurfi yadda kowane zai yi iyo, kada kuma a cika shi, don yawan kwaɓi na sanyaya mai. In man gyaɗa na gida ne, a bari kumfarsa ta kwanta kafin a fara. A tsame da matsami a kwando, kada a rufe da zafi, in ba haka ba gumi zai kashe rumus ɗin. Yara kuma a nisanta su da kasko.

Darasi na huɗu aljihu ne ya koya mini. Fulawa da sukari da yis da bota duk baƙi ne, man gyaɗa kaɗai ne namu. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin alkama ya tashi a duniya, da aka rufe iyakokin Nijar da Nijeriya da Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma kayan shago suka ƙara tsada. Kowace mai tuya daga Matankari zuwa Tibiri ta ji a jikinta. Shi ya sa a gidana bofrot na ranar suna ne da salla da buɗa-baki, ƙosai da masa kuwa na kullum. Wadda ke son ta yi sana'arsa ta lissafa mai da gawayi kafin ta yanka farashi, ta kuma nemi matafiya a tasha, domin yana kwana bai lalace ba, ya dace da guzuri.

Yanzu ƴan mata a waya suke koyon girki, daga bidiyon da aka ɗauka a Akara ko Landan. Ba na hana su. Abin da nake ce musu shi ne, kafin su kwafi awon wata, su tambayi kansu abu uku: wane zafi ake yi yau, wace fulawa ce a hannunsu, wace wuta ce a murhunsu. Wadda ta iya amsa waɗannan za ta iya gyara kowane awo da kanta.