Alat ɗin da ya kusa cinye dinar 'yar Hajiya

1/ Ina kula da wani ɗakin taro a Kano, na kamu da dina da walima. Ga labarin ranar da na fara zama da mutane kafin su sa hannu a yarjejeniya. 🧵

2/ Wata Hajiya ta kama ranar Asabar don dinar 'yarta. Ta biya kafin alƙalami da katinta ta intanet. Alat ya shigo mata da sunan kamfanin da ba ta taɓa ji ba.

3/ Ɗanta ya ce, "Mama, 'yan damfara ne." Suka ruga banki suka ce ba su amince da cirar ba. Aka riƙe kuɗin har sai an bincika. A littafina ranar ta koma ba mai ita, ga wani ya zo nemanta da kuɗi a hannu.

4/ Na kira ta. Ta ce, "Ɗana, ku na biya ko su?" Wallahi na ji kunya. Sunan kamfanin yana cikin yarjejeniyar, a layi ɗaya can ƙasa, amma ban taɓa buɗe baki na yi bayani ba.

5/ Na ce, "Hajiya, ɗan aike ne. Shi ke karɓar umarni daga katinki, bankinki ya amince, ya kawo mana kuɗin ya ɗauki ladansa. Hol, kujeru, janareta, duk a wuyanmu suke."

6/ Irin aikin su Paystack da Flutterwave ke nan, kuma CBN ke ba su lasisi.

7/ Yanzu abu 4 nake faɗa da baki:
• sunan da zai fito a alat
• wa zai biya ladan, mu ko ku
• kuɗin kati kan iso mana a ranar aiki ta gaba, biyan daren Juma'a sai Litinin
• in an fasa biki, mu ke da alhakin mayar da kuɗi, ta katin da aka biya, kuma yana ɗaukar kwanaki

8/ Hajiya ta janye ƙorafinta a banki. Na riƙe mata ranar duk da kuɗin ba su iso ba, ɗayan ya tafi yana fushi. An yi dina lafiya, har da kulata ta fatan alkaki... a'a, alkakin kansa, cike da leda.

9/ In za ku kama hol, tambayi sunan da zai fito a alat kafin ku danna biya. In kun ga baƙon suna, kira mai hol ɗin tukuna, sannan banki.