Abin Da Kwalekwale Ya Koya Mini

A daminar 2020 Kogin Haɗeja ya yi ambaliya a Auyo, ruwa ya kai mana ƙirji. Wani masunci ya kwashe mu a kwalekwalensa. Baba ya miƙa masa kuɗi, ya ƙi karɓa.

Ranar na fahimci Afisawa 2:8-9, inda aka koya mana cewa aikinmu ba ya sayen ceto, Allah ke bayarwa. Namu mu yarda mu shiga jirgi, bangaskiya ke nan. Da ina zaton an ba ni izinin naɗe hannu. Aya ta 10 ta gyara mini: wanda aka ceta, aikin kirki na jiransa.

'Yan'uwana ɗalibai, da muka shiga, sai muka kama taya masuncin kwashe ruwa da ƙwarya saboda godiya.