Gwani Ana Auna Shi da Abokin Karawarsa

A gidajen kallon ƙwallo na Sheme, matasa kan fifita ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a 2018, domin ranar Najeriya ta yi nasara. Ni kuwa na fi girmama biyun da ya ci Ajantina a 2014, ko da yake an doke mu 3-2. Daga ranar, ba a sake keta masu tsaron bayan Ajantina ana cikin wasa ba, sai Jamus a minti na 113 na wasan ƙarshe. Duba takardun ɗalibai ya koya mini cewa maki ba ya bayyana ƙwazo sai an san nauyin tambaya. Haka ɗan wasa: kafin a yi masa kirari, a duba wanda ya tare masa hanya.