Ruwan Wikki da Gwiwar Iyayenmu



Mu Hausawa mun daɗe da yarda cewa sanyi ne uban cututtuka, zafi kuma maganinsa. Ciwon gaɓoɓi ma sanyin ƙashi muke ce masa. Shi ya sa da tsohuwa ta fara kukan gwiwa sai ka ji wani a gida ya ce a kai ta Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke dajin Yankari a Jihar Bauchi.

Duk wanda ya taɓa shiga ya san daɗinsa. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana hango yashin ƙasa, ya gangara kogin Gaji. Rani da damina ɗuminsa digiri 31 ne, jikinmu kuwa 37. Ke nan ruwan bai ko kai jikinmu zafi ba. Abin da ya fi kawo wa tsohuwar sauƙi shi ne ruwan ya ɗauke mata nauyinta. Idan ya kai wa mutum ƙirji, gwiwa ba ta ɗaukar ko rabin abin da ta saba ɗauka. Tsoka ta saki, ƙafar da ta ƙi tanƙwaruwa a zaman tahiya sai ta tanƙwaru. Sauƙi ne na gaske, ba ma musunsa. Amma guringuntsin da ya zaizaye bai dawo ba, bayan 'yan kwanaki ciwon zai sake yin sallama.

Tsoronmu shi ne a dawo gida ana cewa an warke, a tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin gado, har da na hawan jini. Mun ga inda wannan amincewa da zafi ta kai mu a wankan jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Amma a labaranmu har yau amarya na haihuwa muke ɗora mata garwa, babu mai ce mana uffan.

In Hajiya ta ce Wikki take so, mu kai ta, ai hutun ma ya ishe ta riba. A riƙe mata hannu wajen sauka, kuma a bar jakar maganinta a mota a kulle, don gwaggon birin Yankari ba ya ganin leda ya ƙyale.