Kawu da Baffa ba Ɗaya ba ne



Mu da ke zaune kusa da iyakar Nijeriya, kalmomin Ingilishi sun daɗe da zama ƴan gida a bakinmu. Mota, bokiti, tebur, direba, duk daga can suka fito, kuma ba su raba mu da kome ba. Damuwata tana kan wasu guda uku da finafinan Kano da wayar salula suka shigo mana da su cikin ɗaki: ankul, anti da kazin.

A Ingilishi, ankul shi ne ɗan'uwan uwa ko na uba, anti kuwa ƴar'uwar ɗayansu, kazin kuma ɗa ko ƴar kowane daga cikinsu. Haka Faransanci ya dunƙule su, shi ya sa yaranmu na lakwal suke cewa tonton da tanti. Da anti ta iso ƙasar Hausa ma sai ta ƙara faɗi: malamar makaranta anti, amaryar uba anti, baƙuwar da ta girme ka ita ma anti.

Hausa kuwa ta rarrabe. Ɗan'uwan uba baffa ne, na uwa kawu. Ƴar'uwar uba gwaggo ce, ta uwa inna. Ɗan kawu da ɗan gwaggo su ne taubasai, abokan wasa.

A zauren mahaifina, sa'ad da muke karatun Risala ta Ibn Abi Zaid, na gane cewa wannan rarrabewa tana da nauyi a shari'a. Larabci ma ya raba ammu da halu. A mazhabar Malikiyya baffa yana cikin asaba: yana iya cin gado, yana iya zama waliyyin aure, alhali kawu ba ya cikin wannan jeri. A wajen renon yaro kuma inna tana gaba da gwaggo. Yaron da ya tashi da ankul kaɗai a baki, ran da aka zauna rabon gado ko ɗaurin aure, sai an fara yi masa bayanin danginsa.

Ba na hana kowa koyon Ingilishi. Neman ilimi ne, kuma ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Kwanni sun san amfaninsa. Roƙona ga iyaye shi ne, idan baƙo ya yi sallama, a gaya wa yaro: wannan baffanka ne, ƙanen mahaifinka, je ka gaishe shi.

Allah Ya ƙarfafa zumuncinmu, amin.